Fada Frommelt: Limamin Coci Da Ya Riƙe Majalisar Liechtenstein Shekara 17

Ran Juma'a 24 ga Maris, 1939, dare ya riski ƙasar Liechtenstein ba babba a gida. Sarki ba ya ƙasar, shugaban gwamnati Josef Hoop shi ma ya yi tafiya. Soja kuwa dama babu ko ɗaya, tun 1868 aka rushe rundunar saboda tsadar riƙe ta. 'Yan sandan ƙasar 'yan tsiraru ne, da mutum bakwai aka kafa su a 1933. Kwana tara kafin wannan dare sojojin Hitler suka shiga birnin Prag, kwana ɗaya kafinsa suka karɓe yankin Memel daga hannun Lituweniya. Ita kuwa Ostiriya, maƙwabciyar gabas, shekara guda ke nan da Jamus ta haɗiye ta, saboda haka iyakar daular Nazi ta iso bakin ƙofar Liechtenstein.

A wannan dare ne magoya bayan Nazi na cikin gida suka fito don su kifar da gwamnati su miƙa ƙasar ga Jamus. Cikin waɗanda suka tare su a hanya akwai wani limamin cocin Katolika ɗan shekara 44, Anton Frommelt, wanda a lokacin ya haura shekara goma yana shugabancin majalisar dokokin ƙasar. Na daɗe ina ganin cewa abin da ya yi a daren nan ba a daren ya same shi ba. Shekarun da ya yi yana shiga gidajen mutane ne suka biya shi, shi ya sa sai an koma baya kafin a gane yadda mutum ɗaya, ba bindiga ba sanda, zai yi magana a saurare shi.

Liechtenstein tana maƙale tsakanin Suwizalan da Ostiriya, kogin Rhine a yammacinta, tsaunukan Alps a gabas. Faɗinta murabba'in kilomita 160 ne, tsawonta daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 25. Ƙananan hukumomi da yawa a Arewa sun fi ta fili nesa ba kusa ba. Yau mutanenta kusan 40,000 ne, kuma tana cikin ƙasashen da suka fi kowa arziki a duniya, ga bankuna ga masana'antu. A zamanin da muke magana kuwa mutum dubu goma ne da 'yan kai, yawancinsu manoma masu 'yan shanu, sai ma'aikatan masaƙa a Triesen da Vaduz, sai magina da ke tafiya cirani Suwizalan idan sanyi ya wuce. Talauci ne sosai, irin wanda yakan sa matasa su tattara su yi ƙaura zuwa Amurka.

A garin Schaan aka haifi Frommelt ran 14 ga Maris, 1895, ɗan kafinta ne a gida mai 'ya'ya da yawa. Ya yi karatu a Suwizalan, ya karanta ilimin addini a Chur, inda bishop ɗin da ke kula da Liechtenstein yake zaune a wancan lokaci, aka naɗa shi limamin coci a 1920. Aikinsa na farko koyar da zane ne a wata makarantar Katolika a Schwyz. A 1922 aka turo shi gida ya zama limamin ƙauyen Triesen, ya yi shekara goma sha ɗaya a can.

Ya zo Triesen da kyamara, abin da ba kowa ke da shi ba a ƙauye a wancan zamani, kuma da kansa yake wanke hotunansa. Abin da ya ɗauka shi ya fi burge ni. Bai bi manyan gine-gine ko manyan mutane ba. Ya ɗauki masu yankan ciyawa a gangaren dutse, da yara, da tsofaffi, da marasa lafiya a kan gado, har da mamata kafin a kai su makwanci. Yau masu tarihi suna komawa ga hotunan nan don su ga yadda talakan Liechtenstein ya rayu kafin arziki ya zo. Ni kuma abin da nake karantawa a cikinsu shi ne, ba a barin baƙo ya ɗauki hoton mahaifiyarka tana jinya. Sai wanda aka amince da shi har cikin ɗaka. Fada Frommelt, kamar yadda mutane suka ci gaba da kiransa har bayan ya bar aikin limanci na ƙauye, ya san wane ne ɗan wane, wa ke bin wa bashi, wane gida ne ba a ɗora tukunya ba.

Masifu biyu ne suka jefa shi siyasa. A Satumba 1927 kogin Rhine ya fasa madatsarsa a Schaan, garin haihuwarsa, ruwa ya malale gonakin arewacin ƙasar, ya bar yashi da tsakuwa a inda ake noma. Ba a gama farfaɗowa ba, sai a 1928 aka gano an yi sama da faɗi da kuɗin bankin ajiya na gwamnati. Asarar ta kai kusan faran miliyan 1.8 na Suwizalan, wajen kasafin kuɗin ƙasar na shekara biyu. Masu hannu a ciki na kusa da jam'iyyar da ke mulki ne, wato Jam'iyyar Jama'a, kuma jagoranta Wilhelm Beck, wanda shi ne shugaban majalisa a shekarun da suka gabata, shi ne kuma shugaban hukumar gudanarwar bankin. Tsohon sarki Johann na Biyu, wanda ya kusa cika shekara 70 a gadon sarauta, ya tilasta wa gwamnatin Gustav Schädler sauka, aka rushe majalisa. A zaɓen da ya biyo baya jam'iyyar adawa ta FBP ta cinye kujeru 11 cikin 15. Mutanen ƙasar ba su cika kiran jam'iyyun nan da sunayensu ba: FBP su ne “baƙaƙe”, abokan hamayyarsu “jajaye”, kuma sau da yawa launin gado ne, ana haihuwar mutum a cikinsa.

Baƙaƙe suna neman fuskar da jama'a ba za su yi wa kallon ɓarawo ba. Suka ɗora Josef Hoop a shugabancin gwamnati, suka ba limamin Triesen shugabancin majalisa. Dukansu biyu a 1895 aka haife su, dukansu ba su wuce shekara 33 ba, kuma tare za su riƙe ƙasar har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu.

Majalisar, wadda ake kira Landtag, ba irin wadda muka saba gani ba ce. Wakilai 15 ne kacal (sai a 1989 aka mai da su 25), tara daga kudancin ƙasar, shida daga arewa. Babu wanda wakilci ne sana'arsa. Manomi ne, ko mai shago, ko maƙeri, ko lauya, ya zo zama ya koma bakin aikinsa. Ba su da ginin kansu, a wani zaure cikin gidan gwamnati da ke Vaduz suke taruwa, ginin da mutane ke kira “babban gida”. Tsarin mulkin 1921 ya raba iko tsakanin sarki da jama'a: majalisa ta yi doka, sarki ya sa hannu, jama'a kuma suna iya tattara sa hannu su tilasta a kai doka ƙuri'ar raba gardama. Sai dai “jama'a” a nan maza ne kawai. Matan Liechtenstein ba su sami damar jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa ba sai 1984, su ne na ƙarshe a nahiyar Turai.

Babban aikin shekarun farko shi ne raba ƙasar da ruwa. A 1930 masu zaɓe suka amince a haƙa wata doguwar magudana, fiye da kilomita 20, wadda za ta tsotse fadamar kwarin Rhine. An fara a 1931, ba a gama ba sai 1943, kuma da gangan aka dogara da hannun mutane, don magidantan da karayar tattalin arzikin duniya ta hana su cirani su sami abin kai wa gida. Filayen da masana'antun ƙasar da gonakinta suke a kai yau, da yawansu wannan aiki ne ya busar da su.

Amma akwai abin da ba zan rufe ba, don ina ganin rufe shi rashin adalci ne ga mai karatu. Muƙamai sun taru a hannun Frommelt fiye da kima. Tun 1929 shi ne mai duba makarantun ƙasar gaba ɗaya. A 1933 ya ajiye limancin Triesen ya zama mataimakin shugaban gwamnati, kuma bai sauka daga shugabancin majalisa ba. Wato mutumin da ke jagorantar masu sa wa gwamnati ido, shi ne na biyu a cikin gwamnatin da ake sa wa idon. Ga kuma rigar limanci, a ƙasar da kusan kowa Katolika ne. Tsakanin 1930 da 1932 ma majalisar ba ta da ɗan adawa ko ɗaya, bayan wakilan jajaye huɗu sun yi murabus a kan gardamar tsawon wa'adi, baƙaƙe suka cinye kujerunsu a zaɓen cike gurbi. Jajaye sun sha kukan cewa aikin gwamnati da kwangila sai mai baƙin launi. Ana iya cewa ƙasar ƙarama ce, masu ilimi kaɗan ne, dole mutum ɗaya ya ɗauki kaya biyu ko uku. Gaskiya ne. Amma da wani ne ba shi ba, da irin wannan tsari ya zama bala'i, kuma ba a gina ƙasa a kan sa'ar samun mutumin kirki.

Gubar Nazi ta shigo da wuri. A Afrilu 1933, wata biyu da 'yan kai bayan Hitler ya hau mulki, wasu 'yan Liechtenstein da abokansu Jamusawa suka yaudari wasu Yahudawa biyu 'yan uwan juna, Alfred da Fritz Rotter, masu gidajen wasan kwaikwayo a Berlin waɗanda suka sami takardar zama 'yan ƙasa, suka kai su Gaflei a kan dutse don su sace su zuwa Jamus. Garin gudu Alfred da matarsa Gertrud suka faɗa kwazazzabo suka mutu. Hukuncin da kotu ta yanke wa 'yan ƙasar bai wuce ɗaurin shekara ɗaya ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda tsoron Jamus, da ƙin Yahudawa, suka riga suka sami wurin zama.

Da Ostiriya ta faɗa hannun Hitler a Maris 1938, sai hankalin kowa ya tashi. Suwizalan, wadda Liechtenstein ke amfani da kuɗinta kuma take cikin yankin kwastanta tun 1924, ta nemi a nuna mata a fili inda aka dosa. Tsohon sarki Franz na Ɗaya, wanda matarsa Elsa asalinta Bayahudiya ce kuma 'yan Nazi sun tsane ta, ya miƙa ragama ga ɗan uwansa matashi, Franz Josef na Biyu. Shi ne sarki na farko da ya tare a Vaduz, magabatansa a Ostiriya da ƙasar Cek suke zaune. Baƙaƙe da jajaye suka kafa gwamnatin haɗin gwiwa, kuma kuɗin sulhun daga aljihun Frommelt ya fita: ya sauka daga kujerar mataimakin shugaban gwamnati aka ba Alois Vogt na jam'iyyar VU, wato jajaye, mutumin da ya fito daga wata ƙungiya mai ra'ayin kusantar Jamus. Frommelt ya koma mamba a majalisar zartarwa, yana riƙe da shugabancin majalisar dokoki. A wannan shekara kuma aka kafa ƙungiyar 'yan Nazi ta cikin gida, VDBL, wadda burinta a haɗe da Jamus.

Shirinsu na daren 24 ga Maris mai sauƙin fahimta ne. Za su yi maci zuwa Vaduz su tayar da tarzoma, a yi artabu, a zubar da jini in da hali. Daga nan sai su yi kururuwa cewa ana kashe “Jamusawa” a Liechtenstein, sai ɗaruruwan 'yan bangar Nazi da ke jira a Feldkirch, garin Ostiriya da ke dab da iyaka, su tsallako da sunan kawo ɗauki. Da irin wannan hujja aka haɗiye wasu ƙasashen. Jagoransu Theodor Schädler ne, manajan tashar wutar lantarki ta ƙasar.

Kimanin mutum 40 suka taso daga Nendeln suka nufo kudu. Labari ya riga su isa Schaan, mutanen gari suka fito suka tare hanya, ransu a ɓace. A nan haɗarin yake. Da an kai wa masu macin duka, da sun sami abin da suka fito nema. Frommelt ya sa aka toshe layukan tarho don kada masu juyin mulkin su iya kiran juna ko su kira Feldkirch, sannan ya tafi da kansa ya tsaya gabansu ya yi musu magana. Ku tuna wa ke maganar da su wa ake yi wa. A ƙasar mutum dubu goma babu baƙon fuska. Wanda ke gabansu shi ne mai duba makarantun da 'ya'yansu da ƙannensu ke karatu, ɗan kafintan Schaan da kowa ya san gidansu. Ga kuma taron jama'a a bayansa. Suka juya. Wasu 'yan ƙungiyar ko ƙofar gida ba su iya fita ba, maƙwabta sun tsare su. Kafin gari ya waye an gama, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Wasu suka tsere Feldkirch, aka kama shugabannin.

Ba zan ce shi kaɗai ya ceci ƙasar ba. Alois Vogt, duk da abin da ake zarginsa da shi na hulɗa da Jamusawa, ya tuntuɓi hukumomin Feldkirch a ranar ya matsa musu, kuma Berlin ba ta ba da umarnin a tsallaka ba. Hitler na da manyan abubuwa a gabansa, bai ga ribar rikici da Suwizalan a kan ɗan wannan fili ba. Da ya ga dama, babu limamin da zai hana tankokinsa. Abin da Frommelt da mutanen Schaan suka yi shi ne hana a sami dalili. Da an kwana da gawa a titi, wa ya san abin da za a yanke a Berlin da safe? Bayan 'yan kwanaki aka zaga da takardar nuna goyon baya ga 'yancin ƙasar da gidan sarauta da zama tare da Suwizalan, sama da kashi 95 cikin 100 na masu zaɓe suka sa hannu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi damuna a tarihin mutumin nan, kuma har yanzu ina juya shi a raina. An shirya zaɓen majalisa a Afrilu 1939 bisa sabon tsarin raba kujeru gwargwadon ƙuri'u, tare da sharaɗin sai jam'iyya ta sami kashi 18 cikin 100 kafin ta shiga. Duk da wannan katanga, manyan jam'iyyun biyu suka ji tsoron yaƙin neman zaɓe zai ba 'yan Nazi dandali. Sai suka haɗa jerin sunaye guda, baƙaƙe takwas jajaye bakwai, aka ayyana su zaɓaɓɓu ba tare da an jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. A 1943 da wa'adi ya cika, sarki ya tsawaita shi da dokar ta-ɓaci. Ke nan daga 1936 har Afrilu 1945 ba a tambayi masu zaɓe ba. Fiye da rabin shekarun Frommelt a kujerar shugaban majalisa sun faɗo cikin wannan tsakani.

Mu da muka sha jin “halin da ƙasa ke ciki” a matsayin hujjar ɗage zaɓe, dole gabanmu ya faɗi idan muka ji wannan. Amma na duba, na ga abubuwa biyu da suka bambanta shi. Barazanar ta gaske ce, ana hango ta da ido daga kan iyaka. Kuma an yi abin ne tare da 'yan adawa, an ba su kusan rabin kujeru, ba don a murƙushe su ba. Duk da haka, haƙƙin mutane ne aka riƙe musu shekara shida, kuma ya kamata a kira shi da sunansa.

Shekarun yaƙi ba su yi daɗi ba. An saki shugabannin juyin mulkin kafin ƙarshen 1939 don gudun fushin Jamus, sai a 1946 aka yi musu shari'a. Daga 1940 'yan Nazi suka riƙa buga jaridarsu mai suna Der Umbruch, suna zagin Yahudawa da masu kishin ƙasa, ana ta arangama tsakaninsu da matasa 'yan sikawut. Kimanin 'yan ƙasar ɗari suka tafi yi wa Jamus yaƙi da son ransu. A wannan yanayi aka tsayar da 15 ga Agusta ta zama ranar ƙasa, a 1940, don a ba mutane abin da za su taru a kai. Frommelt ya kasance cikin waɗanda aka sani da tsayuwa kan ƙin Nazi, kuma riƙon makarantu da ke hannunsa ya yi amfani a lokacin da ake farautar zukatan yara. Ƙasar kanta ba ta fita da hannu tsarkakakke ba. Kwamitin masana tarihi da gwamnati ta kafa a 2001, wanda ya ba da rahoto a 2005, ya nuna cewa an karɓi 'yan gudun hijira ɗaruruwa amma an tsaurara sharuɗɗa an mai da wasu, wasu masana'antu sun yi wa Jamus kayan aiki, kuma an yi amfani da Yahudawa 'yan aikin tilas a gonakin gidan sarauta da ke Ostiriya. Gwamnatin da Frommelt yake cikinta ce ta tsara dokokin shiga ƙasar, don haka yana da kasonsa a wannan lissafi.

A 1945 aka yi zaɓe na gaske, yaƙi ya ƙare, Hoop ya sauka, Frommelt ma ya bar majalisa da gwamnati, lafiyarsa ta raunana. David Strub ya gaje shi a shugabancin majalisa. Shekararsa 50 kacal, shekarun da wasu ke fara neman muƙami. Bai sake tsayawa takara ba.

Shekara talatin ɗin da suka rage masa ya ba zane. Ya zauna a Vaduz yana zana tsaunuka da ƙauyukan da ya sani da fuskokin mutane. Ya daɗe da hannu a tsara kan sarki na wasiƙa, abin da mai karatu zai iya ɗauka ƙaramin aiki ne, alhali a wancan zamani sayar da kan sarki ga masu tara shi a ƙasashen waje yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnatin Liechtenstein. Ya yi aikin adana zane-zanen Ferdinand Nigg, wani mai fasaha ɗan ƙasar da ya rasu a 1949, ya kuma koya wa ɗan ɗan'uwansa Martin Frommelt sana'ar, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu zane na ƙasar. Ya rasu a Vaduz ran 7 ga Oktoba, 1975, yana da shekara 80.

Tsarin mulkin Liechtenstein na yanzu ya hana mamban gwamnati ko alƙali zama ɗan majalisar dokoki. Irin haɗin kujerun da Fada Frommelt ya riƙe daga 1933 zuwa 1945, doka ba za ta bar kowa ya sake riƙe shi ba.